Muhawara: Shin "Zensur & Zensur" ne faifan punk na farko a Jamus?

Mai Garmaho: Salamu alaikum. Jiya na sake ɗora faifan ƙungiyar Male, "Zensur & Zensur", wanda ya fito a 1979. Samarin Dusseldorf ne, tun suna 'yan makaranta suka haɗu a 1976, Jürgen Engler na riƙe da jita da waƙa. Bugun farko na faifan nan yanzu sai an tona. Har gobe ina kan bakana: daga nan punk na Jamus, wato kiɗan rock mai sauri da ihu na matasa masu bore, ya soma.

Ɗalibin Hamburg: Wa alaikumus salam, Baba. Allah ya ba ka haƙuri, ban yarda ba. 'Yan ƙungiyar Big Balls and the Great White Idiot, 'yan nan Hamburg inda nake karatu, sun fitar da nasu tun 1977. Shekara 2 ke nan kafin Male.

Mai Garmaho: Da wane harshe suka rera, ɗana?

Ɗalibin Hamburg: Da Turanci.

Mai Garmaho: To ka gani. Kiɗan Landan ne aka yi shi a Hamburg. Male kuwa da Jamusanci suka ɗaga murya, a kan 'yan sanda da sa ido a Jamus ta Yamma bayan hare-haren 'yan ta'adda na 1977. Yaron da ke tsaye gaban dandamali a Ratinger Hof, mashayar da 'yan punk ke taruwa a Dusseldorf, yana jin kowace kalma, kuma zancen titinsu ne. Wannan ne ya taɓa ni tun ranar farko, duk da rikodin ɗin a dishe yake.

Maman Ilham: Malam, idan harshe ne ma'auni, ina za ka kai Nina Hagen? Ta baro Jamus ta Gabas a 1976, faifanta na 1978 kuma da Jamusanci ne. Kullum sai a tsallake matar nan, abin yana damuna.

Mai Garmaho: Hajiya, muryarta ba ta da na biyu, ban musa ba. Amma babban kamfani ne, CBS, ya buga shi, makaɗanta kuma ƙwararru ne da suka daɗe suna sana'ar.

Maman Ilham: Ashe iya kiɗa ya zama laifi? In haka ne, 'yan ƙungiyar Fehlfarben ma a fitar da su, tunda babban kamfanin EMI ne ya ɗauki faifansu "Monarchie und Alltag" a 1980, kuma daga Ratinger Hof ɗin nan suka fito.

Ɗalibin Hamburg: Mama ta kama ka, Baba.

Mai Garmaho: Ta kama ni a kan kamfani, na janye wannan. Amma ku saurari faifan biyu a jere. Na Hagen rock ne da punk ya ratsa shi, har salon opera akwai. Na Male tun daga waƙar farko gudu ne kawai da ihu.

Maman Ilham: Zan saurara yau da dare in an kwantar da yara. Kai ma ka sake jin nata har ƙarshe, gobe mu ɗora.