Abin da muka tattauna a Yamai kan tsadar bin Yesu

Ranar Lahadi bayan sujada mun zauna a farfajiyar majami'a, maganar kuwa kuɗi ce da zama almajirin Yesu. Wani dattijo ya karanta Matiyu 6:24, cewa bawa ba ya bauta wa iyayengiji biyu, sannan kowa ya kawo tasa.

An fi daɗewa kan biki. Mata suka ce anko da kayan ɗaki na jefa 'yan'uwa cikin bashi, har wata ta cinye adashenta na shekara a rana guda don kada a raina ta. Shawararsu: a yi biki daidai ƙarfi, majami'a kuma ta daina sa mai babbar mota a kujerar gaba. Wannan ta taɓa ni, don na sha gani na yi shiru.

Wani mai sayar da siminti a kasuwar Katako ya ce ƙin ba da cin hanci ya sa kwangila ta wuce shi. Dattijon ya ce masa, "Ɗana, kada ka ɗauki wannan kaya kai kaɗai, faɗa mana mu tallafa."

Aka tsayar za a buɗe asusun taimako, kowa jaka guda a wata.