Masar ko Indiya: waɗanda suka kai majinyaci, ku zo mu ji

Abban Sadik: Assalamu alaikum. Duk kuɗin da ɗan Najeriya ya kashe a asibitin Alƙahira ko Delhi, har da otal da tasi, cikin cinikin ƙasar da waje ake lissafa shi. A wannan fage na sayar wa 'yan waje hidima, ba kaya ba, Indiya ta yi wa Masar fintinkau, tana samun sama da dala biliyan 300 a shekara, kaso mafi tsoka daga aikin kwamfuta da na ofis. Masar kuwa Mashigin Suez da masu yawon buɗe ido ne ke riƙe da ita. To kuɗinmu na jinya fa, ina suke tafiya a da, ina suke tafiya yanzu?

Maman Ummi: Wa alaikumus salam. A 2012 muka kai maigida Chennai, dashen ƙoda. Lokacin dala ba ta wuce naira 160 ba, kuma kowa Indiya ce a bakinsa. Aiki kam sun iya, ba a magana. Wahalar hanya ce: sai an sauka Dubai a sake jirgi, ga mara lafiya a keken asibiti. Abinci kuma ya gagare shi, sai da na sayi ɗan risho nake dama masa kunun da na taho da garinsa.

Ɗan Fagge: Hajiya, Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Mu Alƙahira muka kai Baba a 2017, bayan an karya darajar fam, kuɗin Masar, a Nuwamban 2016. Dalar da ake canzawa ƙasa da fam 9 ta koma kusan 18, sai komai ya yi mana araha. Jirgi ɗaya daga Kano, ga masallaci a ƙofar gida, ga ɗaliban Azhar 'yan uwanmu suna yi maka tafinta. Amma a kiyayi 'yan kamasho. Wanda ya tarbe mu ya ɗora nasa a kan kuɗin aikin, sai da na je wurin mai karɓar kuɗi da kaina na gani.

Ɗalibi a Alƙahira: Yaya, wannan arahar ta zama labari. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023 haya ta tashi, masu gida sun samu baƙi. A Maris 2024 dala ta kai kusan fam 50, kuma hare-haren da aka kai wa jiragen ruwa a Bahar Maliya sun rage kuɗin Suez sosai. Mai gidanmu yanzu da dala yake yanka farashi.

Ma'aikacin banki: Ni ban kai kowa jinya ba, amma kullum Indiya na cin kuɗinmu a ofis. Manhajar da muke buɗe asusu da ita, Finacle, ta kamfanin Infosys na Indiya ce, bankunan ƙasar nan da dama ita suke amfani da ita. A 2020 da aka rufe filayen jirgi, otal-otal ɗin Masar sun koma kango, mu kuwa ba mu fasa biyan lasisi ba. Masar sai ka je da ƙafarka, Indiya ko kana Sabon Gari za ta karɓa.

Maman Ummi: To yanzu dai mai ciwon ƙoda ina zai nufa?

Ɗan Fagge: Hajiya, ya fara tura sakamakon gwaje-gwajensa duka biyun, su rubuto masa farashi da dala kafin ya nemi biza.