Ciwon ya tafi, majina ta ƙi barin maƙogwaro: ku me kuka yi?

Mai ɗinki, Garwa:
Salamu alaikum 'yan uwa. Farkon hunturun nan na kwanta da ciwon da likita ya ce sinizit ne, wato kumburin kogunan ƙashin fuska, goshi da kumatu sun yi mini nauyi, in na sunkuya kan keke sai kan ya ɗauki sara. Ya rubuta mini amoksisilin, maganin kashe ƙwayoyin cuta, na shanye tas. Zazzaɓi ya sauka, hanci ya buɗe. Abin da ya rage shi ne majinar da ba ta fitowa ta gaba, sai dai ta riƙa gangarowa ta bayan hanci zuwa maƙogwaro. In haɗiye ta dawo, in kakaro ba abin da ke fita sai ɗan fari mai yauƙi. Da asuba murya a dishe, da dare ina kwanciya tari ya taso. Masu kawo ɗinki har sun fara ja da baya in na yi gyaran murya. Wanda ya taɓa fama da wannan ya taimaka. Ko in koma in ƙaro maganin ne?

Ɗan acaɓa, Marwa:
Sannu Yaya, Allah ya ƙara sauƙi. Ni duk shekara daga Disamba zuwa Fabrairu haka nake. Hazon nan ne da ƙurar hanya. In na dawo da yamma na face hanci, abin da ke fita ja ne, kalar ƙasa. Da na fara sa takunkumi a ƙarƙashin rawani, ina wanke shi kullum, sai abin ya ragu sosai. Ke ma ki duba shagonki, burbushin yadi ba ƙaramar ƙura ba ce.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundere:
'Yar uwa, kada ki ƙaro amoksisilin da kanki. Fatar cikin hanci da ta kogunan ƙashin fuska kullum cikin yin majina take, kusan lita guda a rana, muna haɗiyewa ba mu sani ba saboda ruwa-ruwa ce. Ciwo in ya ratsa wurin, fatar takan zauna a kumbure ko bayan ƙwayar cutar ta mutu, ƙananan gasun da ke share majinar kuma ba su gama farfaɗowa ba. Sai majinar ta yi kauri, iskar hunturu ta ƙara busar da ita, ki fara jin ta. Tarin bayan irin wannan ciwo yakan kai mako 3 zuwa 8. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba ya sauke wannan kumburin, sai dai ya ɓata miki ciki.

Abin da na yi wa kaina bara, wanda kuma nake gaya wa masu zuwa wurinmu, wankin hanci ne da ruwan gishiri. Ki tafasa ruwa lita ɗaya, ki bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ki zuba gishiri giram 9, wato cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe. Ki sami babban sirinji marar allura. Ki sunkuya kan roba, ki karkata kai, baki a buɗe, ki tura ruwan a hankali ta ƙofar hancin da ke sama, zai zubo ta ɗayar. Ki juya ki yi wa ɗaya ɓangaren, sannan ki face ba da ƙarfi ba. Safe da yamma. Ranar farko za ki ƙware, ki yi hawaye, ki ce na cuce ki. Ki daure. Ruwan da ya kwana a zubar a haɗa sabo, kuma ruwan rijiya ko na kogin Binuwai da ba a tafasa ba kada ya shiga wannan aikin. Wadda ba ta son haɗawa ta sayi serum a kantin magani, shi ma ruwan gishirin ne.

Hajiya, Kuseri:
'Yata, mu dai sirace muka gada. Ruwan zafi a kwano, ganyen na'a-na'a, ki lulluɓa da zane. Sai shayin citta da kanumfari da zuma kafin barci. Ni shi ke sassauta mini maƙoshi. Malama nas, in an jefa 'yar kanwa a ruwan gishirin fa? Ungurnu muke da ita mai kyau a nan.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundere:
Hajiya, ranki ya daɗe, kanwa a bar wa miya. Ba a san ƙarfinta ba, ga tsakuwa a ciki, za ta iya ƙona fatar hancin. Sirace yana sa a ji daɗi na ɗan lokaci, ban hana ba, a dai yi nesa da yara don ƙuna. Zuma kuwa tana lafar da tari, amma ban da jaririn da bai cika shekara ɗaya ba.

Malamin makaranta, Injamena:
Ni gargaɗi na kawo. Uwargidana ce ta yi irin wannan, wani mai tallar magani ya ba ta feshin buɗe hanci, mai ɗauke da silometazolin. Minti kaɗan hanci ya buɗe wayam, ta yi ta sa masa albarka. Kafin wata ya zagayo ba ta iya barci sai kwalbar tana ƙarƙashin matashi, da ƙarfinsa ya sake ta hancin ya toshe fiye da da. Likitan kunne, hanci da maƙogwaro da muka gani ya ce irin wannan ba a wuce kwana 3 zuwa 5 da shi. Ya raba ta da shi, ya rubuta mata wani feshin dabam, mometazon, ya ce wannan ba ya aiki nan take, sai an jure kullum na mako biyu ko fiye. Ya nuna mata yadda za ta karkata bakin kwalbar wajen kunne, ba wajen guringuntsin tsakiya ba, don kada ta yi haɓo. Makon farko ta sha wuya, har ni ta daina yi wa magana. Yanzu alhamdu lillahi. Ya kuma sa ta rage turaren wuta a ɗaki da maganin sauro na kunnawa.

Hajiya, Kuseri:
Malam, turare kuma? Ɗakin mace ba turare ai kasuwa ce. A dai ce a turara da rana a buɗe taga, kafin dare hayaƙin ya fita.

Direban babbar mota, hanyar Ngaundere zuwa Kuseri:
Nawa ashe ba daga hanci yake ba. Na yi wankin, na sha setirizin, maganin atishawa da yoyon hanci, shiru. Likita ya tambaye ni lokacin da nake cin abincin dare. Mu kuwa sai mun yada zango muke cin tsire da yaji, mu kora da shayi mai kauri, mu miƙe a ƙarƙashin mota. Ya ce tsamin ciki ne ke hawowa yana taɓa maƙogwaro, ko ban ji ƙwannafi ba. Na koma ci da wuri, ina barin awa 3 kafin in kwanta, ina ɗaga wajen kai. Kakin safe ya ragu ƙwarai. Wani abokin aikina kuma kaptopiril ɗin hawan jini ne ke sa shi busasshen tari, da likita ya canza masa sai ya tsaya. Direbobi, a kiyayi ƙwayar mura mai kulorfeniramin, barci take sawa.

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundere:
Gaskiyarka Alhaji. In ƙara abin da ba a zama a gida da shi. Tarin da ya wuce mako 2, balle da rama, gumin dare ko jini a kaki, a je a gwada kaki don tarin fuka, maganinsa kyauta ne a Kamaru. Kumburin ido, ko zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani da sanƙarewar wuya, wannan asibiti ne a ranar, kun san yankinmu da sanƙarau lokacin rani. In an ji sauƙi sannan zazzaɓi da ciwon fuska suka dawo, a koma wa likita. Abin da ya haura mako 12 kuma ya zama daɗaɗɗe, sai an leƙa cikin hancin.

Maman 'yan biyu, Gidar:
Anti nas, ɗana mai shekara 3 fa? Shi ta hanci ɗaya kawai take zubo masa, na dama, koriya, ga wari. Ba zazzaɓi, yana wasansa. In yi masa wankin?

Ma'aikaciyar jinya, Ngaundere:
A'a ƙanwata, kada ki tura masa ruwa, kada ki sa tsinke. Majina mai wari ta hanci ɗaya a yaro ƙarami, sau da yawa wani abu ya cusa, ƙwayar gyaɗa, dutsen ado ko guntun soso. Ki kai shi a duba yau. In kuma kina zargin ƙaramin batirin agogo ne, ki tashi yanzu, shi cikin 'yan awanni yake cin nama.