Fitilar nan ta cek injin, me za mu kira ta da Hausa?

Jama'a ina neman taimakonku akan wata kalma, kuma da gaske nake don abin ya daɗe yana damuna. Fitilar nan ruwan ɗorawa da ke kamawa a dashbod, mai siffar inji, wacce a wasu tsofaffin motocin ma rubutu ne kawai aka yi CHECK ENGINE, meye sunanta da Hausa? Kowa cek injin yake cewa, direba da makanike da mai mota, na sani, amma ina so mu samu namu sunan wanda in ka faɗa wa mutumin da bai taɓa jin Turanci ba zai gane abin da ake so ya yi.

Na riga na fara tambaya, wasu sun turo min shawarwarinsu, zan amsa su a ƙasa. Ga abin da ya taso da maganar. Ina da wata tsohuwar mota 'yar waje ta hannu, ƙirar 2003, daga Amurka aka shigo da ita. Kwanaki ƙanwata ta karɓa ta fita, can sai ga kiranta murya na rawa, tace Yaya wuta ta kama a motar. Wlh gabana sai da ya faɗi, nace ki fito ki yi nesa da ita maza, sai tace a'a ba gobara ba, wuta ce ta kama a gaban sitiyari. Toh kunga matsala ta farko kenan, mu da Hausa fitila ma wuta muke ce mata, kuma ita ma kamawa take yi, don haka duk sunan da za mu zaɓa ni dai ina roƙon kada a sa kalmar wuta a ciki, a bar shi a fitila.

Da hankalina ya dawo na tambaye ta abu uku, wane launi ce, wace siffa gare ta, a tsaye take ko ƙiftawa take yi. Tace ruwan ɗorawa, siffar inji, kuma a tsaye take, motar ba ta canza tafiya ba. Nace ki taho a hankali. Washegari makanike ya jona na'urarsa a soket ɗin nan mai ƙofofi 16 da ke ƙasan sitiyari, ta fito da lambar laifi P0455, wato tururin fetur na zurarewa daga wani wuri, muka duba ashe robar murfin tanki ce ta tsattsage. Murfi kawai aka canza. Bayan 'yan kwanaki ana hawa fitilar ta mutu da kanta, dama haka tsarin yake, in kwamfutar motar ta gwada wurin a tafiya uku a jere ba ta sake ganin laifin ba sai ta kashe.

Yanzu ku duba, murfin tanki ai ba inji bane. Shi yasa ban gamsu da fassarar da mutane da yawa suka fara turo min ba, wato fitilar duba inji. Malam da ka fara kawo wannan shawarar Allah ya saka da alheri, fassarar daidai take harafi da harafi, amma sunan na asalin ne ke da rauni tun farko. In kace wa mutum duba inji me zai yi, zai buɗe bonet ya leƙa, ya zaro sandar baƙin mai ya gani, ya duba ruwan lagireto, yaga komai lafiya sai ya rufe yace fitilar ce ta lalace. Alhali abin da ta gani ba a ganinsa da ido, yana iya zama sensar oksijin, wato 'yar na'urar da ke auna oksijin ɗin hayaƙi a jikin salansa, yana iya zama iska ce ke shiga ta wani tiyo da ya fashe har man ya yi ƙaranci a haɗin iska da mai, wanda lambarsa P0171, yana iya zama matatar hayaƙi ta gaji, P0420, a motoci da dama har matsalar giya mai canza kanta tana kunna ta.

Wani ɗan uwa yace a ce danja. Wannan kam ban yarda ba ko kaɗan, kuma ba raini bane. Danja ja ce a kunnen kowa, kuma ma'anarta tsaya. A dashbod akwai jajayen fitilu na gaske da in suka kama kana tafiya dole ka gangara gefe ka kashe mota a take, ta baƙin mai mai siffar buta da ɗigo a bakinta, wacce ba cewa take man ya ragu kawai ba, cewa take ƙarfin da ke tura man cikin inji ya faɗi, minti kaɗan a haka inji ya ƙone. Sai ta zafi mai siffar ma'aunin zafi a cikin ruwa. Ta batir ma ja ce, ita kuma yawanci ba batir ɗin take nufi ba, caji ne ya tsaya, ko altaneta ko bel ɗinta ya tsinke, kuma a motoci da yawa bel ɗin nan shi ke juya famfon ruwa, kaga zafi na biye kenan. In muka kira ta cek injin danja, ranar da ta baƙin mai ta kama mutum zai ɗauka duk ɗaya ne tunda ya saba yawo da danja wata shida ba abin da ya faru. Wannan haɗarin nake gudu.

Hajiya da kika ce fitilar gargaɗi, wannan suna ne mai kyau kuma na karɓa, amma a matsayin sunan dukkansu gaba ɗaya, fitilun gargaɗi, ja da ruwan ɗorawa, ta birki da ta ABS mai hana taya kullewa in an taka birki da ta jakar iska duk su shiga ciki. Ita wannan ɗayar muke nema wa nata na kanta.

Ni abin da ya kwanta min a rai shine fitilar ƙorafi. Ku ɗan saurare ni kafin ku ce a'a. Mai ƙorafi bai ce ya mutu ba, bai kuma gaya maka maganinsa ba, cewa yayi akwai abin da ke damuna, kuma abin da ake yi wa mai ƙorafi shine a zauna a tambaye shi a ji ta bakinsa. Haka fitilar nan take sak. Kwamfutar motar, wacce makanikai ke cewa biren bos, ta ga wani abu ya kauce ta rubuta shi da lamba ta ajiye sannan ta kunna fitila don a zo a tambaye ta. Tun 1996 doka ta sa duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka ta zo da tsarin OBD2, wato tsarin binciken kai mai soket ɗin nan na ƙofofi 16, a Turai kuma masu fetur daga 2001, masu dizal daga 2004, shi yasa na'ura ɗaya ke karanta Toyota da Honda da Peugeot da Volkswagen. Lambar da ta fito sai mu ce mata lambar ƙorafi, kunga kalma ɗaya ta ɗauki biyu. Kuma sunan da kansa yana hana kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane, wato lamba ta ambaci sensa sai a ruga a sayo sensa, alhali ita sensar gaskiya ta faɗa, waya ce ta tsinke ko iska ke zurara. Ƙorafi ai bincikensa ake yi kafin a yanke hukunci.

Waɗanda suka girmi 1996 ma suna magana, da ƙiftawa. A tsofaffin Toyota ana haɗa ƙofofi biyu masu suna TE1 da E1 da 'yar waya a cikin ƙaramin akwatin da ke cikin bonet, a murɗa makulli ba tare da an tada inji ba, fitilar ta dinga ƙiftawa kana ƙirgawa, ta ɗan tsaya ta ci gaba, adadin shine lambar.

Oga makanike da ka ji sunan nan ka rubuto cewa ƙorafi ya yi sanyi da yawa, mutane za su raina shi, gaskiya maganarka abin dubawa ce kuma kai ne a cikin sana'ar ba ni ba. Amsata ita ce fitilar tana da hali biyu kuma Hausa na da kalmar kowanne. In a tsaye take ƙorafi ne, ka kai ta a karanta cikin 'yan kwanaki. In kana tafiya ta fara ƙiftawa to ya tashi daga ƙorafi ya koma kururuwa, wata silinda ce ba ta ƙona mai, abin da kuke cewa misin, ko fulogi ko kwayil ko nozul, ɗanyen fetur na wucewa cikin salansa yana ƙonewa a matatar hayaƙi har ya narkar da ita. Nan sai a saki totur a nemi wurin tsayawa. Lambobinsa P0300 in bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 in ta farko ce, P0302 ta biyu, haka dai. Don haka makanike zai iya tambayar mai mota a waya, ƙorafi take ko kururuwa, ya san ko zai ce taho ko zai ce tsaya nan ina zuwa.

Akwai kuma abin da sunan ke fito da muninsa fili. Masu cire kan batir don fitilar ta mutu, da masu cire ƙwanta gaba ɗaya ko su liƙe ta da baƙin salatif kafin su sayar da mota, in kace sun kashe cek injin ba a jin komai, amma in kace sun toshe bakin mai ƙorafi kowa ya san an yi rashin gaskiya. Dan Allah duk mai sayen tsohuwar mota ya murɗa makulli zuwa inda fitilu ke kamawa kafin ya tada, dole fitilar ƙorafi ta fito tare da sauran sannan ta mutu bayan inji ya tashi, in ba ta fito ba sam to an taɓa ta.

Ƙari bayan na karanta amsoshinku. Mafi yawa sun karɓi fitilun gargaɗi a matsayin sunan duka, fitilar ƙorafi ga wannan, da lambar ƙorafi. Wasu sun fi son fitilar koke don ya fi gajarta, ni dai koke ya fi min kama da takardar da ake kai wa hukuma, amma ban ƙi ba in shi bakin mutane ya ɗauka. Cek injin kuma ba korarta za mu yi ba, a gareji za a ci gaba da faɗa. Wacce ta rage min ita ce na'urar da ake jonawa, yanzu sikana ake cewa ko a ce a saka mata kwamfuta, wani ya kawo tafinta tunda ita ke fassara maganar motar, ya burge ni sosai amma ina so in ji ta bakin makanikai tukuna ko zai zauna a bakinsu.