Sunan gaskiya ko na bogi a Facebook?

Ɗan Ringim: Salam jama'a, shawara nake nema. Ina so in riƙa magana kan rijiyar burtsatsen garinmu da ta lalace tun damina, amma ƙauye ne kowa ya san kowa, kana rubutu yau gobe an kai ƙararka wajen mai gari. In sa sunana ko in ɓoye?

Manomin Gumel: Sa sunanka kawai. Wa zai saurari mai hoton zaki? Ni ko riɗi zan saya sai na ga fuskar mutum.

'Yar Kazaure: Ku maza abin da sauƙi wallahi, mace ta sa sunanta da hotonta kafin magariba samari sun cika ta da saƙon shirme kuma labari ya kai gidan surukai, ni Ummu wance nake sawa.

Malam na firamare: Ƙanena, ɓuyan ma ragagge ne. Layin wayarka an haɗa shi da NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, in hukuma ta so ka za ta iya gano ka, ga dokar laifukan intanet ta 2015. Ɗau hoton rijiyar ka sa, kar ka zagi kowa.

Ɗan Ringim: To Malam, amma fa kansilan yankinmu kawuna ne.