Kyamarar waya tana ɓata mini launin rini a bidiyo

Salamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa ɗalibaina gajeren bidiyo a wata marina nan Maraɗi kan rinin baba: yadda zane ke fitowa daga rami kore-kore, iska ta buge shi, ya rikiɗe shuɗi cikin 'yan mintoci. Wannan rikiɗar ita ce darasin gaba ɗaya, kuma ita ce waya ta ƙi kamawa. Da marini ya ɗago zanen sai kyamarar ta gyara launi da kanta, koren ya dawo toka-toka. Na ɗauka da hantsi, na koma inuwa, na ari wayar abokina, duk ɗaya. Da na ƙara launi wajen tacewa kuwa, fuskar marinin ta yi jawur.

Don Allah, yaya ake kulle launi a kyamarar Android kafin a fara ɗauka?