Fita da yara ƙarshen mako: Yankari za ta yiwu daga Kano? Kuma ina ake tseren mota na ƙa'ida?

Abban Khalifa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen waɗanda suka saba fita da iyali.

Babban ɗana shekararsa 16, kuma babu abin da ke ransa sai mota. Da zarar wayar mahaifiyarsa ta shiga hannunsa, tseren Formula 1 yake kallo, zancensa daga Hamilton sai Verstappen. Wannan bai dame ni ba. Abin da ya hana ni barci shi ne ya fara bin samarin da ke zuwa kallon wasan mota, irin wanda ake yi a tsakiyar titi in an ɗauko amarya ko an gama jarrabawar fita sakandare. Mota na juyi a wuri ɗaya, taya na ƙara, hayaƙi ya turnuƙe, yara kuma sun yi mata zobe suna ihu, tsakaninsu da ita bai fi taku biyar ba. Na taɓa zuwa ta'aziyyar yaron da aka take a irin wannan wuri, ko shekarun ɗana bai kai ba. Na yi faɗa, na yi nasiha, amma na lura faɗan ba ya cire masa son abin, ɓoye min kawai yake koya.

Ƙannensa mata biyu kuma dabbobi suke so. Gidan zoo na Audu Bako mun je har sun haddace kejin kowace dabba, yanzu cewa suke sai sun ga giwa tana yawonta a daji.

To ga tambayoyina. Mutum zai iya tashi daga Kano ranar Juma'a ya je Yankari ya dawo Lahadi ba tare da an galabaita ba? Dajin Falgore da ke kusa da mu fa, ana shiga da iyali? Sannan akwai inda ake tseren mota na ƙa'ida, mai shinge da jami'ai, da zan kai yaron nan ya ga bambanci da idonsa? Motata Corolla ce, lafiyarta ƙalau.

Malam na Tarauni:

Wa alaikumus salam Abban Khalifa. Allah ya shirya mana zuri'a. Ni ɓangaren Yankari zan taɓa, don shi na sani.

Za ta yiwu, amma kada ka ce a rana ɗaya za ka isa can cikin dajin. Kano zuwa Bauchi wajen kilomita 300 ne, ta Wudil, Birnin Kudu, Ningi. In kun tashi da an sallame Juma'a za ku shiga Bauchi wajen magariba, ku kwana a gari. Da safe ku ci masar Bauchi, ku ɗauki hanyar Gombe, a Dindima ku karya dama zuwa Mainamaji, nan ƙofar take. Abin da mutane da yawa ba sa lissafawa shi ne daga ƙofar zuwa sansanin Wikki akwai wata tafiyar ta kusan kilomita 40 a cikin daji. Ka cika tanki tun daga Bauchi. Ranar Lahadi ku baro Wikki da hantsi, kada dare ya same ku a hanya.

Lokaci shi ne komai. In ka je da damina ciyawa ta fi mota tsayi, ruwa ko'ina, dabba ba ta da dalilin fitowa. Daga Fabrairu zuwa Afrilu, lokacin da tafkuna suka ƙafe, komai kogin Gaji yake gangarowa: ɓauna, gwanki, kanki, gwambaza, mazo, ga dorina da kada a cikin ruwan. Ana fita kallon dabbobi da sassafe da kuma yamma, tare da ɗan rakiya daga ma'aikatan wurin. Ku yi ta yammar Asabar da ta safiyar Lahadi, duka biyun.

Amma ka faɗa wa 'yan matan gaskiya tun daga gida: giwa ba alƙawari ba ce. Garken Yankari na cikin manyan da suka rage a Najeriya, sai dai dajin ya haura murabba'in kilomita 2,200, kuma giwa ba ta san da zuwanku ba. Akwai ranar da muka fita, abin da muka samu kawai kashinta ne, ɗanye yana tururi, ga sawunta a cikin laka, faɗinsa kamar faifai, ga rassan da ta kakkarya ruwansu bai bushe ba. Ɗan rakiyar ya sa aka kashe inji, muka yi tsit, muna jin ƙarar karya itace a can cikin duhuwa, amma ko kunnenta ba mu hango ba. Yarana har yau wannan ranar suke ba da labari, fiye da ranar da suka gan ta sosai.

Wanda ba ya ba da kunya shi ne ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, ɗuminsa digiri 31 dare da rana, rani da hunturu, garau har kana ganin yashin ƙasa da 'yan yatsun ƙafarka. Ku tafi da kayan da mata za su shiga ruwa cikin sutura, kuma da sassafe ya fi, kafin a cika. Akwai ɗan gidan tarihi a sansanin mai hauren giwa da fatu da tarkon da aka ƙwace daga mafarauta. Akwai kuma kogunan Marshall, ɗakunan da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse.

Bika kuwa, ka ja wa yara kunne. Suna yawo a sansanin tare da mugun dawa, ba sa tsoron mutum, suna buɗe ƙofar da ba a kulle ba. Kada yaro ya fito da leda a hannu, ko da babu komai a ciki. A gabana wani gogo ya fizge ƙullin dambun nama daga hannun wata baiwar Allah, ya haye rufin ɗaki ya zauna yana kwancewa.

Ƙarin bayani kaɗan: mutane na kiran wurin gandun dajin tarayya, amma tun 2006 ya koma hannun gwamnatin jihar Bauchi. An kafa shi a 1956, aka buɗe wa masu ziyara a 1962, ya zama na tarayya a 1991. Don haka a Bauchi za ka nemi bayanin ɗaki da kuɗin shiga, kuma ka kama ɗaki kafin ku tashi.

Maman Ihsan:

Malam ya gama magana. Abu biyu zan ƙara. A kan hanyar Ningi zuwa Bauchi, wajen Kafin Madaki, akwai gandun Sumu, inda aka ajiye dabbobin da ƙasar Namibiya ta ba da kyauta a 2006, har da raƙumin dawa da jakin dawa. Wurin ƙarami ne, ganin dabba ya fi sauƙi. Ku biya a dawowa, ko giwa ta ƙi fitowa yaran ba su tashi a tutar babu ba.

Na biyu, ka tuna Asabar da Lahadi ranakun Islamiyya ne. Ka je da kanka ka nemar musu izini wajen malaminsu. Kuma a tafi da gidan sauro da ruwan sha mai yawa, zafin Maris a can ba wasa ba ne.

Ɗan Doguwa:

Maganar Falgore, ni ɗan yankin ne. Dajin yana kan hanyar Jos, bayan Tudun Wada, wajen kilomita 150 daga birni, kuma yana cikin dazuzzuka goma da gwamnatin tarayya ta amince a 2020 a mayar da su gandun ƙasa, tare da Baturiya ta Jigawa. Amma shekaru an sha fama da ɓarayin shanu da masu garkuwa a cikinsa. Alhaji, kada ka kutsa da mata da yara don kanka. In fitar yini ɗaya kake so, ku je dam ɗin Tiga ku ci kifi ku dawo kafin la'asar sakaliya. In kuma hunturu ne, Baturiya ta wajen Haɗeja, lokacin tsuntsayen da ke ƙetarowa daga Turai sun sauka a fadama.

Bakanike, Ƙofar Ruwa:

Abban Khalifa, ni maganar yaron ce ta tsaya min a rai, don ni ma haka na taso.

Filin tseren mota na dindindin da za ka sayi tikiti ka zauna bayan shinge, ba mu da shi a Kano. Abin da ya fi kusa shi ne gasar motocin da akan haɗa da bikin kamun kifi na Argungu. Da aka dawo da bikin a 2020, daga Abuja aka taso da motocin. Wannan kuma ba abin kowane mako ba ne. Formula 1 ɗin da yake kallo ma rabon da a yi shi a nahiyar Afirka tun 1993, a Kyalami ta Afirka ta Kudu.

Amma ka ba shi wannan labarin, na tabbata bai sani ba: tseren duniya ya taɓa zuwa garin nan. A 1974, shekarar da aka yi gasar cin kofin duniya a Jamus, an shirya tsere daga Landan zuwa Munich, aka ratso da shi ta Sahara, ta Aljeriya da Nijar, har Kano, sannan aka juya arewa. Mota 70 suka tashi, 19 suka kai ƙarshe, da yawa a hamadar Aljeriya suka ɓata hanya. Waɗanda suka ci wasu mutum uku ne 'yan Ostireliya a cikin Citroën. Ba wanda ya fi taka totur ne ya ci ba, wanda ya san hanya ya kuma san motarsa ne. Haka tseren Dakar, wanda aka fara daga Paris a ƙarshen 1978, shekaru yana bi ta Agadas da hamadar Tenere, nan maƙwabtanmu. Matsalar tsaro a Muritaniya ta sa aka soke na 2008, aka kai shi Kudancin Amurka, tun 2020 kuma a Saudiyya ake yi.

Ka zauna ku kalli irin wannan tseren tare, ka riƙa nuna masa abin da ido ba ya fara kaiwa gare shi. Cikin motar an cire kujerun baya, an girke ƙarafa sun kewaye direba ta yadda ko ta wuntsila rufin ba zai danne shi ba. Hular kwano, rigar da wuta ba ta saurin ci, bel mai ɗaure kafaɗu da ƙugu, an rufe hanya, motar asibiti na tsaye. A gefen direba ga wani riƙe da littafi yana karanto masa kowace kwana kafin su iso ta. Sai ka tambaye shi, a cikin waɗannan wanne ya gani a wajen masu wasan titi? Motocinsu ni ake kawo wa washegari. Taya ta cinye har waya ta fito, kuloci ya ƙone yana wari, ƙafar mota ta karkace, galibi kuma motar uba ce ko ta haya, aka ɗauka ba a sani ba.

Shawarata, tafiyar Yankarin nan ka mayar da ita tasa. Ranar Alhamis ku duba motar tare, shi zai zaro sandar bakin mai ya goge ya mayar ya karanta, shi zai duba ruwan lagireto da man burki, a gwada iskar taya har da safaya, ya tabbatar jak da sifana suna but. A hanya ya zauna gaba da littafi da biro, ya rubuta lokacin tashi, kilomita nawa zuwa Wudil, nawa zuwa Ningi, lita nawa aka sha, ya lissafa abin da motar ke ci. Aikin mai karanta hanya ke nan a tseren gaske. Sitiyari dai kada ka ba shi, ko a cikin daji ne, sai ya cika 18 ya yi lasisi. In kun dawo kuma ka nemi garejin mutumin kirki a unguwarku ya riƙa zuwa lokacin hutu. Yaron da ya taɓa kwance burki da hannunsa ya ga siririn abin da ke tsayar da mota, da wuya ka same shi tsaye a gaban mai juyi.

Malam na Tarauni:

Bakanike, Allah ya saka da alheri. Tun da an haɗa daji da tsere, akwai na Kenya, Safari Rally, wanda aka fara a 1953 ya kuma dawo cikin gasar duniya a 2021. A yankin Naivasha ake yi, za ka ga mota ta keto ƙura jakunan dawa na tsallaka hanya. Yaron zai so shi. Ni dai raina ba ya son ganin an shiga wa dabba gida da irin wannan ƙara, kuma ka gaya masa a Yankari akasin haka ake yi, a hankali ake tafiya, ba hon, ba kiɗa, ba sauka daga mota sai ɗan rakiya ya ce a sauka.

Abban Khalifa, Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Jiya bayan isha'i na karanta wa Khalifa labarin 1974, bai yarda ba sai da ya bincika da kansa, daga nan ya ɗauko taswira yana bin hanyar daga Tamanrasset zuwa Agadas zuwa Kano da yatsa. Mun tsayar da tafiyar a ƙarshen Fabrairu in Allah ya kai mu, Falgore kuma na haƙura. Ya riga ya sayi littafinsa ya ja layuka.

Saura tambaya ɗaya, Malam: Corolla za ta iya fita kallon dabbobin, ko dole sai motar wurin?

Malam na Tarauni:

Za ta kai ku har Wikki lafiya lau. Amma hanyoyin cikin dajin yashi ne da kwazazzabai, ƙaramar mota za ta riƙa dukan ƙasa, tana iya kafewa. Ka ajiye ta a sansani ku hau tasu mai tudu, an ma fi hango dabba daga sama. Da kun isa ka je ka rubuta sunanku a fitar yamma kafin ku sauke kaya, ranar Asabar wuri na saurin cika.